Maki nawa ake buƙata a shiga karatun likita, kuma me ya sa ake fifita 'yan yanki?

Tambaya: "'Yata ta ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau, ta nemi karatun likita, ba a ɗauke ta ba. Daga baya muka ji an ɗauki wani yaro da ta fi shi maki, wai don jiharsu tana cikin yankin jami'ar. Don Allah maki nawa ne ainihin abin da ake buƙata? Wannan fifikon yanki adalci ne? A ƙasashen da suka ci gaba ma haka ake yi?"

Malam, Allah ya yi wa yarinyar albarka, ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. Na san zafin abin da ya same ku, domin yaro ya kwashe shekara yana karatun dare, ya kawo sakamakon da kowa ya yaba, sannan a ce babu gurbi, ba ƙaramin abu ba ne. Zan amsa maka gaskiya tsakani da Allah, ko da wani ɓangaren amsar ba zai yi daɗin ji ba.

Babu wata lamba guda da za a ce ita ce makin shiga karatun likita, a nan ko a ko'ina. Maki iri biyu ne mutane suke haɗawa su kira da suna ɗaya. Na farko shi ne sharaɗin da aka rubuta tun kafin a zana jarrabawa, wanda duk wanda bai cika shi ba, ba za a ko duba takardarsa ba. A Najeriya wannan ya haɗa da kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fizik, Kimistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna so a same su a zama ɗaya idan likita ake nema. Sai jarrabawar JAMB mai maki 400, inda mai neman likita yake rubuta Turanci da waɗancan darussan kimiyya uku. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, kamar 140 da aka yi amfani da shi daga 2022 zuwa 2024, na shiga jami'a ne gaba ɗaya, ba shi da wata alaƙa da samun gurbin likita.

Na biyun kuwa babu wanda ya san shi sai an gama ɗauka. Ana jera masu nema daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a yi ta ɗauka har guraben su ƙare. Makin wanda aka ɗauka a ƙarshe shi ne ake sanarwa a matsayin makin shiga na wannan shekarar. Idan bana ƙwararrun yara sun yi yawa sai ya tashi, idan jarrabawa ta yi tsauri sai ya sauka. Shi ya sa lambar bara take iya yaudarar mutum.

Indiya ce ta fi fito da wannan bambanci fili. A 2024 fiye da ɗalibai miliyan biyu da dubu ɗari uku suka zana jarrabawar shiga karatun likita ta ƙasar, NEET, mai maki 720. Fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu sun haye sharaɗin cancanta. Guraben digirin likita a faɗin ƙasar kuwa sun ɗan haura dubu ɗari ne kawai. Ke nan mafi yawan waɗanda aka ce sun ci jarrabawar ba su shiga aji ba.

Me ya sa ba za a ƙara guraben ba tunda masu nema sun yi yawa? Domin likita ba a cikin aji kaɗai ake koyar da shi ba. Daga shekara ta huɗu ɗalibi a gefen gadon marar lafiya yake koyo, kuma akwai iyakar yawan ɗaliban da za su iya kewaye gado ɗaya su ji abin da babban likita yake faɗa, su taɓa, su saurara. Saboda haka hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, MDCN, take yanka wa kowace makaranta adadin da za ta iya ɗauka, bisa yawan malamai, ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwa. Makarantar da ta zarce adadinta tana jefa ɗalibanta cikin matsala wajen rajista. A Birtaniya ma gwamnati ce ke ƙayyade yawan guraben. Ƙarancin gurbi shi ne yake tura maki sama, fiye da wahalar karatun kanta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar a batun 'yarka. Ita da wancan yaron ba a layi ɗaya suka tsaya ba. Tsarin da jami'o'in tarayya a Najeriya suke bi ya raba guraben gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kowa daga ko'ina, kashi 35 ga jihohin da aka ware a matsayin yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa cewa an baro su a baya a ilimin boko. A ɗauka makaranta tana da gurbi ɗari. Yarinyar da jiharta ba ta cikin yanki kuma ba ta cikin waɗanda aka baro a baya, gurbi 45 kawai take nema, kuma da dukan ƙasa take takara. Idan ta zo ta 50 a jerin, ta fita. Yaron yanki kuwa idan bai shiga cikin 45 ɗin ba, sai a koma da shi jeri na biyu inda abokan takararsa 'yan jihohin yankin ne kaɗai, kuma zai iya shiga da makin da ya gaza nata. Wanda jiharsa ta haɗa biyun, tana yanki kuma tana cikin waɗanda aka baro a baya, dama uku gare shi. Don haka a makaranta ɗaya, shekara ɗaya, makin shiga yana iya zama uku ko fiye. Jami'ar Legas, alal misali, takan fitar da makin cancanta daban, sannan na kowace jihar yankinta daban.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa suke mantawa. Makin JAMB shi kaɗai ba shi ake jerawa da shi ba a yawancin jami'o'i. Ana haɗa shi da jarrabawar tantancewa ta jami'ar, wasu kuma su ƙara da darajar sakamakon sakandare, inda A1 ta fi B3 nauyi, B3 ta fi C6. Kowace jami'a da yadda take lissafinta. Yana yiwuwa 'yarka ta fi yaron a JAMB shi kuma ya fi ta a jimilla. Kafin ka yanke hukunci cewa yanki ne ya raba su, ka nemi jimillar kowannensu.

Game da ƙasashen waje, e, haka suke yi, wasu ma sun fi mu tsanani. A Amurka sai an gama digirin farko ake neman makarantar likita, ana duba matsakaicin makin digiri da ake aunawa a kan 4.0 da kuma jarrabawar MCAT da makinta ke tsakanin 472 da 528. A 'yan shekarun nan matsakaicin waɗanda suke samun shiga yana kusa da 3.8 da kuma 511 zuwa 512. Amma a jihar Tekzas doka ta hana makarantun likita na gwamnati ba wa waɗanda ba mazauna jihar ba fiye da kashi 10 cikin ɗari na guraben. Ɗan wata jiha da ya fi kowa maki, kashi goman nan yake nema. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma fifita mazauna jiha yana nan daram. A Indiya kashi 85 cikin ɗari na guraben kwalejojin likita na gwamnatocin jihohi na 'yan jihar ne, kashi 15 kawai ake sakin wa ƙasa baki ɗaya. Yawancin makarantun Kanada suna keɓe mafi yawan gurabensu ga mazauna lardinsu. Baƙo daga wata ƙasa kuwa shi ne a can ƙarshe: a Birtaniya an daɗe ana taƙaita ɗaliban ƙetare a karatun likita zuwa kusan kashi 7.5 cikin ɗari.

To, adalci ne? A nan zan ɗan daɗe, domin dalilai uku ne mabambanta ake cusawa cikin kalmar yanki, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko dalilin mai biyan kuɗi ne. Jiha ta gina makaranta da harajin mutanenta, tana so 'ya'yanta su fara amfana. Hujjar Tekzas ke nan, ita ce kuma hujjar jami'o'in jihohi a Najeriya da suke ba 'yan asalin jihar kaso mafi tsoka. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma ƙarfinsa yana raguwa idan jami'ar ta tarayya ce, wadda kowa yake da haƙƙi a cikinta.

Na biyu shi ne wanda ni nake ganin ya fi kowanne ƙarfi, domin ba don ɗalibin aka yi shi ba, don marar lafiya aka yi shi. Likitoci a duniya duka suna taruwa a manyan birane, ƙauyuka da yankuna masu nisa su zauna babu kowa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna abu guda: wanda ya tashi a karkara ya fi yiwuwar komawa ya yi aiki a karkara fiye da ɗan birni, musamman idan an horar da shi a can. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin shawarwarinta na 2010, ta kuma sake jaddada shi a 2021, cewa makarantun kiwon lafiya su riƙa ɗaukar yaran karkara da gangan. Japan ta daɗe da ɗaukar abin da muhimmanci. A 1972 ta kafa jami'ar likitanci ta Jichi, wadda take ɗaukar yara biyu ko uku daga kowane ɗaya daga cikin larduna 47 na ƙasar. Ba sa biyan kuɗin makaranta, amma idan sun gama sai su koma lardinsu su yi aiki shekara tara, wani ɓangare mai yawa a wuraren da ba likita. Jami'ar Washinton a Amurka tun 1971 take horar da likitoci ga jihohin yankinta irin su Alaska, Montana da Aidaho, daga baya Wayomin ta shigo, kowace jiha da guraben da aka ware wa 'ya'yanta. Kanada ta buɗe makarantar likita ta Arewacin Ontariyo a 2005 da wannan manufa. A Jamus, jihar Nordrhein-Westfalen ta fara ware kashi 7.6 cikin ɗari na guraben daga 2019 ga waɗanda suka sa hannu cewa za su yi shekara goma suna aiki inda ake ƙarancin likitoci, wanda ya saɓa alkawari kuma tararsa ta kai Yuro 250,000. Ka lura da abin da ya haɗa Japan da Jamus: wanda aka sassauta wa a bakin ƙofa, an ɗora masa nauyi a bayan fita. Mutanen yankin sun san me za su samu.

Na uku shi ne gyara rashin daidaito. Yaron da ya yi sakandare inda babu malamin Fizik na dindindin, bai taɓa ganin ɗakin gwaji mai aiki ba, ya kawo maki kusa da na wanda ya yi makaranta mai komai da darasin gida, wanne ne a cikinsu ya fi nuna ƙwazo? Maki yana auna ilimin yaro, yana kuma auna makarantar da ya fito. Jami'o'in Birtaniya, waɗanda yawanci suke neman darajar A a darussa uku ko fiye a jarrabawar ƙarshen sakandare, sukan rage daraja ɗaya ko biyu ga yaron da ya fito daga makaranta mai rauni ko unguwar da ba a cika zuwa jami'a ba. Jamus ta ga wata fuskar matsalar: a Disamban 2017 Kotun Tsarin Mulkinta ta yanke cewa wani ɓangare na tsarin ɗaukar ɗaliban likita ya saɓa wa tsarin mulki, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne sakamakon sakandare na jihohi daban-daban ba ya kwatantuwa kai tsaye, wani dalilin kuma dogaro da maki shi kaɗai ya yi yawa. Daga 2020 suka koma ba da kashi 30 cikin ɗari bisa makin sakandare, kashi 10 bisa gwaje-gwajen da ba ruwansu da wannan maki, kashi 60 kuma jami'o'i su zaɓa da ma'auni fiye da ɗaya.

Wani zai ce, ai likita rai ake ba shi amana, ta yaya za a ɗauki mai ƙaramin maki? Tambaya ce mai nauyi kuma ba na raina ta. Maki yana da amfani. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga a 2002, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya gano cewa sakamakon karatun baya yana bayyana kusan kashi 23 cikin ɗari na bambancin da ake gani tsakanin ɗalibai a makarantar likita, amma kusan kashi 6 kawai na bambancin ƙwarewarsu bayan sun gama. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne, yaron da ginshiƙinsa na kimiyya ya yi rauni sosai zai sha wuya, kuma sau da yawa jarrabawar ƙwararru ta farko, wadda ta ƙunshi ilimin sassan jiki, aikinsu da sinadaransu, ita take tsayar da shi. Ɗaukar irin wannan yaron zalunci ne gare shi kafin kowa. Amma tsakanin yara biyu da duk suka yi fice, tazarar maki biyar ko goma ba ta gaya maka wanda zai fi iya sauraron marar lafiya ko gane cuta. Don haka abin da na tsaya a kai: dole a samu sharaɗi mai ƙarfi da ba a sassauta wa kowa, ko daga ina ya fito, a saman wannan sharaɗin ne yanki zai iya yin magana, jarrabawar fita kuma ta zama ɗaya ga kowa, kamar yadda take.

Inda nake da ja da tsarinmu shi ne ma'aunin da ake gane ɗan yanki da shi. Mu takardar shaidar asali muke dubawa, wato garin kakanni. Ostareliya, wadda ta wajabta wa makarantunta ɗaukar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu daga karkara, shekarun zama take ƙirgawa: biyar a jere ko goma a jimilla a yankin karkara. Jihar Tamil Nadu a Indiya ta ware kashi 7.5 cikin ɗari a 2020 ga yaran da suka yi karatu a makarantun gwamnati. Waɗannan ma'aunai suna kama wanda aka yi niyyar kamawa. Namu kuwa yana barin ɗan mai hali da aka haifa a babban birni, ya yi makarantar kuɗi mafi tsada, bai taɓa kwana a jihar kakansa ba, ya ɗauki gurbin da aka tanada don yaron ƙauyen da ba shi da malami. Yana kuma hana yarinyar da aka haifa ta tashi a gindin jami'ar, don kawai kakanta daga wata jiha ya zo. Sannan gurbin yanki a jami'ar tarayya ba ya zuwa da wani alkawarin komawa a yi wa yankin aiki. An karɓi hujjar marar lafiyan karkara, amma ba a ɗaura abin da zai kai masa likitan ba. Idan 'yarka a irin wannan ta faɗa, kukanka yana kan hanya, kuma ba zan ce maka ka yi shiru ba. Gyaran da nake fata shi ne a auna da makarantar da yaro ya yi da inda ya tashi, a haɗa gurbin da alkawarin aiki, kowace jami'a kuma ta wallafa makin ƙarshe na kowane jeri don kowa ya gani.

Kafin a kai ga wannan gyaran, ga abin da ke hannunku. Ku fara tantance jerin da take ciki a kowace jami'ar da kuke tunani, sannan ku nemi makin ƙarshe na wannan jerin na shekara biyu ko uku da suka wuce, ba makin da aka ji a bakin mutane ba. Zaɓin farko ya zama inda take da dama biyu, wato jami'ar tarayya da jiharku ke cikin yankinta, ko jami'ar jiharku idan tana da makarantar likita da MDCN ta amince da ita. Wannan shawarar ita kaɗai ta fi ƙarin maki ashirin amfani ga yara da yawa, kuma a karatun likita da wuya jami'a ta waiwayi wanda ya sa ta a zaɓi na biyu. Ku duba yadda jami'ar take haɗa jimilla. Idan sakamakon sakandare yana da nauyi a lissafinta kuma nata yana da C da yawa, sake zana shi zai iya fin sake JAMB amfani. Ku riƙa bibiyar shafinta na CAPS, tsarin ba da gurbin karatu ta intanet da JAMB ta shigo da shi a 2017, domin gurbin da bai bi ta can ba, ba gurbi ba ne, komai takardar da wani ya nuna muku.

Kada ku yarda wani ya samo mata takardar asali ta jihar da ba tata ba. Ana iya gano wannan ko bayan shekaru, kuma kora a aji biyar ta fi rashin shiga ciwo.

Akwai ƙofar shiga kai tsaye zuwa aji biyu ga wanda ya yi karatun share fagen jami'a na IJMB ko JUPEB da sakamako mai ƙarfi, ko ya gama digiri mai kyau a fannin kimiyya, sai dai gurabenta sun fi ƙanƙanta, don haka ku tambayi jami'ar ko nawa take ɗauka ta nan kafin ku kashe shekara. Shiga wani kwas da niyyar canzawa zuwa likita bayan aji ɗaya abu ne da ba kowace jami'a take yarda da shi ba, kuma inda aka yarda ma kaɗan ne suke samu. Idan za ta karɓi wani kwas, ya zama wanda za ta iya zama a cikinsa da zuciya ɗaya. Idan kuma kun juya ga ƙasar waje, ku tabbatar hukumar likitocin ƙasar ta amince da makarantar, ita ma MDCN ta san da ita, ku kuma sa a lissafi cewa in ta dawo sai ta zana jarrabawar tantancewa ta MDCN ta ci kafin a ba ta lasisin aiki.